Iskar Hunturu da Tarihin Kaduna ta Kudu: Daga Duwatsun Tibasti zuwa Masaƙun Kakuri

Masu rubuta tarihin garin Kaduna sun saba farawa da Gwamna Lugga, su bi ta kan hanyar jirgin ƙasa, su zo ga zamanin Sardauna da kafa masana'antu, sa'an nan su ƙare da rigingimun da suka raba mazauna garin gida biyu. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wani abu da yake ziyartar garin kowace shekara tun ba a aza tubalinsa na farko ba, yakan zauna wata huɗu ko biyar, ya taɓa lafiyar mutane da dukiyarsu da sana'arsu, kuma da wuya a ga an ba shi ko da shafi guda a cikin littattafan. Wannan abu shi ne busasshiyar iskar da take busowa daga arewa maso gabas. A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna cewa iskar nan tana da hannu a cikin tarihin unguwannin da suke kudancin kogi, watau Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da waɗanda suka biyo bayansu, kuma za mu nuna cewa duwatsu ne suke ba ta siffar da muka san ta da ita, ko da yake duwatsun suna nesa da mu ƙwarai.

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu ya faru ne a aji. Muna koya wa ɗalibai masu shirin zama malamai darasin iskokin duniya, sai muka tarar kusan kowannensu ya haddace sunayen iskokin Turai da na Amurka, yana iya zana dutse da kibiyoyi a allo, amma da muka tambayi daga ina hazon da ya rufe tagogin ajin ya taso, amsar ba ta wuce "daga Sahara" ba. Sahara kuwa ta kusa kai faɗin ƙasar Amurka. Wanda ya ce daga can abu ya fito bai faɗi kome ba tukuna.

Iskar gangaren dutse

Ya kamata mu fara da bayyana irin iskar da masana yanayi suke kira iskar gangaren dutse, domin da ita za mu auna tamu. Idan iska ta haɗu da jerin duwatsu masu tsawo, tilas ta hau. Tana hawa tana buɗewa, tana yin sanyi, har laimar da take ɗauke da ita ta zama girgije ta zuba a wannan gefe. In ta ƙetare ƙololuwa ta fara gangarowa a ɗaya gefen, sai nauyin iskar da take bisanta ya matse ta, matsin kuwa yana haifar da zafi. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya ji yadda famfon yake ɗumi a hannunsa ya riga ya san wannan ƙa'ida. Busasshiyar iska mai gangarowa takan ƙara zafi kimanin digiri 10 na ma'aunin santigireti a kowace mita 1,000, alhali mai laima da take hawa ba ta rasa fiye da kimanin digiri 6 a wannan tazara. Saboda haka takan iso gindin dutse ta fi yadda ta tashi zafi, ta kuma bushe ƙayau.

Mutanen Suwizalan da Ostiriya suna kiran tasu Fon. A daren 10 ga Mayu 1861 ta hura wata gobara a garin Glarus wadda ta cinye wajen kashi biyu cikin uku na garin kafin gari ya waye. A Amurka ta Arewa akwai Shinuk, wadda a ranar 22 ga Janairu 1943 ta ɗaga ma'aunin zafi a garin Spearfish daga digiri 20 ƙasa da sifiri zuwa digiri 7 bisa sifiri cikin minti biyu. Ta Kalifoniya ita ce Santa Ana, ita ce kuma ta kora wutar da ta ƙone unguwanni a Los Anjalas cikin Janairun 2025.

Akwai wani abin sha'awa a tarihin binciken Fon wanda ya shafe mu. Har tsakiyar ƙarni na 19 wasu manyan masanan Suwizalan sun ɗauka cewa daga Sahara take tasowa, ta ƙetare Bahar Rum ta faɗo musu, don ba su ga yadda iska mai zafi haka za ta fito daga duwatsu masu ƙanƙara ba. Sai a 1866 wani masani ɗan Ostiriya, Julius Hann, ya nuna cewa ana samun irinta har a Girinlan, inda babu wata hamada kusa, kuma gangarowar ce kanta take ɗumama ta. Watau Turawa sun jingina wa hamada iskar da dutse ya haifa. Mu kuma a nan, kamar yadda za a gani, mun jingina wa hamada kaɗai iskar da dutse yake da babban rabo a cikinta.

Daga ina tamu take tasowa

Gaskiyar magana, garin Kaduna ba shi da Fon irin ta littafi. Garin yana zaune a kan shimfiɗaɗɗen tudu, wajen mita 600 bisa teku, duwatsun da suke kewaye da shi kuwa, irin na Kujama da Kajuru, ɗaiɗaiku ne, iska tana kewaye su ta wuce abinta. Tudun Jos ne kaɗai mai girman da zai iya karkata iska, aikinsa kuma ya fi bayyana da damina, lokacin da iskar kudu maso yamma take hawa gangaren Kagoro ta zubar da ruwa mai yawa a ƙasar Kafanchan, ta bar gefen Bauchi da ragowa.

Amma ƙa'idar matsi da muka bayyana tana aiki a kan iskar hunturu tun daga tushenta. A watannin sanyi iska takan taru a sararin samaniya bisa ƙasar Libiya da arewacin Sahara, tana saukowa a hankali daga can sama, tana matsuwa tana bushewa, sa'an nan ta malalo kudu maso yamma. A kan hanyarta, cikin arewacin Cadi, akwai manyan duwatsu biyu. Na yamma su ne Tibasti, waɗanda ƙololuwarsu, Emi Kusi, ta kai mita 3,415, ba ta da na biyu a Sahara duka. Na gabas su ne Enedi. Tsakaninsu akwai rata, a bakin ratar kuma garin Faya yake. Iskar da ta taho a shimfiɗe sai ta tarar da hanya ta tsuke, ta kutsa ta ratar da ƙarfi, kamar yadda ruwan kwata yake ƙara gudu in ya shiga ƙarƙashin ƙaramar gada. Da dare wannan igiyar iska takan yi gudunta a sama kaɗan da ƙasa. Da hantsi, in rana ta ɗumama ƙasa, sai ƙarfin ya sauko ya daki doron ƙasa.

Abin da ya daka ɗin shi ne kwarin Bodele. Wannan kwari shi ne wuri mafi zurfi na tsohon Tafkin Cadi, wanda shekara kimanin 7,000 da suka wuce faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 300,000. Da tafkin ya janye sai ya bar farar ƙasa mara nauyi, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Ita iska take kwasa. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun tabbatar da cewa babu wani wuri guda a duniya da ya kai wannan kwari tayar da ƙura, kuma yakan yi haka wajen kwana 100 a shekara. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna cewa ruwan kwarin bai gama ƙafewa ba sai kimanin shekara 1,000 da suka wuce. In haka ne, to, hazo mai kauri irin wanda muka sani ba tun fil'azal yake ba, kusan sa'an daulolin Hausa ne. Wannan magana ce da ta kamata masana tarihin ƙasar Hausa su yi mata zama na musamman.

Daga Bodele zuwa Kaduna ya ɗara kilomita 1,300, ƙura kuwa takan ci wannan tafiya cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Tun a 1945 ma'aikatan yanayi biyu, Hamilton da Archbold, suka rubuta cewa in an ga ƙura ta tashi a Faya, to, a saurari hazo a Nijeriya ta Arewa. Kafin su da daɗewa, a 1781, wani likita Bature, Matthew Dobson, ya buga bayanin iskar a mujallar masana ta London bisa labarin da ya samu daga bakin tekun Gini, a 1832 kuma Charles Darwin ya tara ƙurar da ta sauka a kan jirgin ruwansu kusa da tsibiran Kef Bade. Sunan da Turawa suke kiranta da shi daga harshen mutanen Akan na Gana suka aro shi.

Bahaushe bai jira kowa ya rarrabe masa ita ba. Yana da hunturu, yana da ɗari, yana da jaura ga sanyin da yake ratsa ƙashi, yana da hazo ga farar ƙurar da take rataye a sama ba ta motsi, yana da guguwa ga wadda take murɗawa da tsakar rana. Abin lura shi ne iska guda ce mai fuska biyu. Daga Nuwamba zuwa Janairu ƙura tana tare hasken rana, da dare kuma busasshiyar sama ba ta riƙe ɗumin ƙasa, sai a sha sanyi. Clapperton da abokin tafiyarsa Oudney sun ba da labarin cewa a ƙarshen Disambar 1823, a kan hanyarsu daga Barno zuwa Kano, sun wayi gari ruwan da yake cikin ƙorensu ya yi ɓawon ƙanƙara, Oudney kuwa bai kai Kano ba, ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824. Daga tsakiyar Fabrairu rana takan dawo bisa kai, iskar ba ta sake hanya ba, ba ta kuma sami laima ba, sai ta koma kamar hucin maƙera. A Kaduna zafin la'asar a watan Maris yakan haura digiri 35, laimar iska kuma takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Wannan fuska ta biyu ita ce ta yi kama da Fon, ita ce kuma ta fi ɓarna.

Kudancin kogi

Kafin zuwan Turawa ƙasar nan ta Gbagyi ce, da ƙauyukansu da gonakinsu, tare da 'yan zangon fatake da rugagen Fulani. Hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911 ta ƙetare kogin a nan, Lugga kuma ya zaɓi wurin don ya fi Zungeru tudu da sanyi da lafiya, ga ruwa, ga jirgi. A 1917 hedkwatar Jihar Arewa ta taso ta dawo. An shimfiɗa gidajen Turawa da ofisoshi da barikoki a arewacin kogi, aka jera musu itatuwa a bakin tituna. Kudu kuwa aka bar wa tashar jirgi da ma'aikatanta, musamman bayan da hanyar gabas ta iso ta Kafanchan a cikin shekarun 1920 ta mai da tashar mahaɗa.

Da aka zo kafa masana'antu, kudu aka nufa, dalilan kuma a fili suke: ga jirgi, ga ruwan kogi, ga fili shimfiɗaɗɗe mai arha. Sai dai in mutum ya ɗora taswirar iska a kan taswirar gari zai ga wani abu. Da rani, lokacin da babu ruwan sama mai wanke sararin sama, iskar arewa maso gabas tana bi ta kan unguwar Turawa tukuna, ta ƙetare kogi, ta kwashi hayaƙin masana'antu ta yi kudu maso yamma da shi, ta kan gidajen leburori. Da damina ne kaɗai take juyawa ta nufi arewa, a lokacin kuwa ruwa yana kwantar da kome. Ba mu ce da gangan aka tsara haka ba. Amma ko da gangan ko ba da gangan ba, wanda ya zauna a Nasarawa ko Kudenda shi ya sha hayaƙin.

Masaƙar farko, Kaduna Textiles, ta fara aiki a 1957, haɗin gwiwa ce tsakanin Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Lankasha ta Ingila, da akoko kuma ta fara. Nortex ta biyo baya a 1962, sa'an nan Arewa Textiles ta mutanen Japan da United Nigerian Textiles ta 'yan kasuwar Honkon, duka kafin 1966. Kamfanin ƙera makamai na soja ya zo a 1964, na haɗa motocin Peugeot ya fara fitar da mota a 1975, matatar mai kuma aka buɗe ta a 1980. Cikin shekara ashirin da 'yan kai Kakuri ta tashi daga ƙauye ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin saƙa a ƙasar nan, har ana kwatanta Kaduna da Mancesta.

A nan ne kwatancin yake da ban dariya, a nan ne kuma iska ta shigo cikin lissafi. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka taimaki Lankasha ta zama gidan saƙa shi ne danshin iskarta, wadda take tasowa daga teku. Zaren auduga yana shan laima daga iska, in ya sha yakan ƙara ƙarfi da laushi. In iska ta bushe sai silin audugar ya yi tauri, ya riƙa tsinkewa a kan inji, ya riƙa ɗaukar wutar gogayya yana manne wa ƙarfe, burbushinsa kuma ya tashi ya cika ɗaki. Ɗakin kaɗi yana bukatar laima wajen kashi 50 zuwa 60 cikin 100, ɗakin saƙa kuwa har ya fi haka, wajen 70 zuwa 80. Ga shi an ɗauko injin Lankasha an dasa shi a inda laima take faɗuwa ƙasa da 20 wata da watanni. Babu yadda masaƙar zamani za ta yi aiki a irin wannan wuri sai an ƙera mata damina a cikin gini: a toshe kafofi, a kafa injunan fesa ruwa da na juya iska, su yi ta aiki dare da rana. Ba mu kaɗai wannan matsala ta dama ba. Kalmar da Turawa suke kiran na'urar sanyaya ɗaki da ita ma wani injiniyan masaƙa ne a Amurka, Stuart Cramer, ya ƙirƙiro ta a 1906, kuma jiƙa iskar masaƙa yake nufi, ba jin daɗin mai ofis ba.

Abin mamaki, iskar da take wahalar da masaƙa ita ce abokiyar manomin auduga. A Funtua da Malumfashi da Gusau da ƙasar Zazzau, hunturu ne yake busar da ƙwallon auduga ya buɗe shi fari tas, a tsince shi ba ruɓa, a kai fuloti a auna, a wuce da shi gidan gurza. Watau tun daga gona har bakin ƙofar masaƙa iskar tana taimako, daga ƙofa zuwa ciki kuma sai a biya kuɗi a yaƙe ta.

Kuɗin kuwa wutar lantarki ne da ruwa da baƙin mai. Muddin waɗannan suna samuwa da arha, ba wanda ya damu da wannan haraji na ɓoye. Da tattalin arziki ya karkace a cikin shekarun 1980, darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan gyaran inji suka yi tsada, wuta ta fara yankewa, sai kowace masaƙa ta koma ga janaretanta. A masana'antar da ba ta damu da laima ba, in wuta ta ɗauke aiki ne kawai yake tsayawa. A masaƙa da rani, in injin fesa ruwa ya tsaya ɗaki yakan bushe, in an tayar da inji kuma zare ya yi ta tsinkewa har sai laima ta komo. Ba muna cewa iska ce ta rufe masaƙun Kakuri ba. Manyan dalilan sanannu ne: fasa-ƙwaurin atamfa, da janye hanin shigo da yadi a 1997, da kwararowar kayan Sin masu arha, da rashin wuta, da sakacin masu gudanarwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, wasu har suka mutu ba su karɓi haƙƙinsu ba. Abin da muke cewa shi ne, mai saƙa a Kakuri yana biyan wani kuɗi da abokin gasarsa na bakin teku ba ya biyan kamarsa, kuma duk mai shirin tayar da masaƙun nan da bai sa watannin rani a lissafin wutarsa da ruwansa ba, ya yi lissafin dokin rano. Hausawa sun ce iska tana wahalar da mai kayan kara, auduga kuwa ta fi kara rashin nauyi.

Jikin mutum

Ƙananan illolin kowa ya san su: faso da kaushi, tsagewar leɓe, haɓo, mura da tari, jan ido, da tashin asma. Maganinsu na gargajiya ma sananne ne, man kaɗe da rufe hanci da rawani ko mayafi. Ma'aikacin masaƙa yana da ƙari a kan wannan, don yakan yini cikin ɗumi da danshi da burbushin auduga, in an tashi aikin dare kuma ya fito da jiƙaƙƙiyar riga cikin jaurar asuba.

Babbar illa ita ce sanƙarau. An fara rubuta labarin annobarsa a Nijeriya ta Arewa a 1905, Zungeru tana cikin wuraren da ya taɓa, ya kuma dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1920 da wajen 1950. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana iyakar ƙasashen da annobar take yawan faɗa wa, ɗamara ce da ta ratsa Afirka daga yamma zuwa gabas, kuma kusan ita ce ɗamarar hunturu. Aikin da ya fi kusa da mu shi ne na Brian Greenwood da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda suka bi annobar Zariya ta 1977. Sun lura cewa ƙwayar cutar tana yawo daga maƙogwaro zuwa maƙogwaro a kowane lokaci na shekara, har da damina, ba tare da ta kwantar da mutane da yawa ba. Abin da yake sakewa da rani shi ne jikin mai ɗauke da ita: bushewa da ƙura da zafi suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini. Shi ya sa ciwon yake farawa a tsakiyar hunturu, ya kai maƙura a Maris da Afrilu, ya kuma yanke da zarar an yi ruwan fari.

In aka haɗa wannan da irin gidajen da ma'aikata suka zauna a ciki, za a gane haɗarin. Mutanen da suka taho neman aiki daga Binuwai da Filato da kudancin Zazzau da ƙasar Barno sun sami gidajen haya ne masu ɗaki-ɗaki a jere, rufin kwano, taga guda ƙarama, mutum shida ko takwas a ɗaki. Da sanyi a toshe tagar a kwanta a matse, da zafi kwano ya mai da ɗakin tanda. A annobar 1996, wadda ta fi kowace muni a tarihin ƙasar nan, an ƙidaya mutum fiye da 100,000 da suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, galibinsu a jihohin arewa. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Nijeriya a 2011 ta karya lagon nau'in ƙwayar da ya fi yin ɓarna a da, amma a 2017 wani nau'in ya tashi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar a haɗe.

Ƙasa da wuta da ruwa

Yawan ƙura ba ɗaya yake ba kowace shekara. Ma'aunin da aka kafa a tsibirin Barbados tun 1965, can ƙetaren Tekun Atlantika, ya nuna cewa ƙurar Afirka da take isa can ta ninka sau da yawa bayan farin 1972 zuwa 1974, ta kuma kai maƙura a farin 1983 da 1984. A hunturun 1983 ɗin nan ne wutar daji ta cinye gonakin koko masu yawa a Gana da Kwaddibuwa, ƙasashen da ba su saba ganin bushewa irin wannan ba. A wajenmu gobarar rani baƙuwa ce ta kowace shekara, daga ƙunar daji ta mafarauta da makiyaya har zuwa ta kasuwa, kamar wadda ta ci Kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016. Katako da yadi da ledar rumfa in sun yi wata uku suna shan busasshiyar iska, tartsatsi guda ya ishe su.

Sai dai wajibi ne mu rarrabe ƙura biyu da mutanen Kaduna ta Kudu suke shaƙa, don sau da yawa akan haɗa su a ɗora wa hamada laifin duka. Akwai fara mai laushi kamar garin alli, wadda take kwanciya a kan tebur ko an rufe ɗaki. Wannan ta Bodele ce, ba mu da iko a kanta. Akwai kuma ja mai gautsi, wadda take tashi daga titunan da ba a shimfiɗa musu kwalta ba, da filayen da aka share don gini, da wuraren haƙar ƙasa. Wannan tamu ce. Bayan rikicin shekarar 2000 mutane da yawa sun sake matsuguni, unguwanni irin su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora suka faɗaɗa cikin gaggawa, aka sare kaɗanya da ɗorawa da suke cikin tsofaffin gonakin Gbagyi, ba a kuwa dasa wasu a madadinsu ba. Mai tafiya daga tsofaffin titunan arewa masu inuwa ya ƙetare gada ya shiga waɗannan unguwanni a watan Maris ba ya bukatar ma'auni kafin ya ji bambanci. Alƙaluman yanayin da muke kafa hujja da su kuwa, har da waɗanda muka kawo a wannan takarda, galibi daga tashar filin jirgin sama suke fitowa, ita kuma a arewacin kogi take, a bayan gari.

Farar ƙurar tana da nata alheri. Grant McTainsh, wanda ya auna saukarta a Kano a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna cewa abin da take zubawa a shekara ba kaɗan ba ne, kuma lallausar ƙasar noma da ta rufe filayen Kano zuwa Funtua da Zariya tana da alaƙa da irin wannan zubi na dubban shekaru. Tana ɗauke da sinadaran da shuka take so, waɗanda ruwan damina yake wankewa daga jar ƙasarmu. Masu lambu a fadamun bakin Kogin Kaduna suna cin wata moriyar kuma, don sanyin dare da bushewar iska suna hana cututtukan ganye da danshi yake kawowa, shi ya sa tumatir da latas da kabeji da albasa suka fi kyau a tsakiyar hunturu. Amma a daidai wannan lokaci ne kogi yake janyewa har duwatsun cikinsa su fito, a zamanin da masaƙu suke aiki kuma rafin Makera yakan zubo masa ruwan rini, wanda da damina ambaliya take tsarma shi, da rani kuwa yakan iso wa mai ban ruwa kusan yadda ya fito. Da iskar ta juya ta zama mai zafi sai furen tumatir ya fara zuba, ƙwari su yi yawa. A irin wannan lokaci ne, a bazarar 2016, tsutsar nan mai haƙa ganye da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a jihar, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin a watan Mayu na shekarar.